Malam Awaisu Mai Sito da Ɗakin Karatun Kurmin Gwaza

Haihuwa da Asali

An haifi Malam Awaisu Maiwada a watan Rajab na shekarar Hijira ta 1370, wanda ya yi daidai da watan Afrilu na 1951, a Kurmin Gwaza, wani matsakaicin garin manoma da ke gefen hanyar da ta tashi daga Funtua ta nufi Malumfashi. Mahaifinsa, Malam Maiwada, manomin auduga ne da dawa, mahaifiyarsa kuwa, Malama Sadiya, asalinta mutuniyar Mahuta ce. Shi ne na uku cikin 'ya'ya bakwai, kuma shi ne babba a maza, wanda hakan ya yi tasiri a kan rayuwarsa fiye da yadda ya so.

An rubuta wannan tarihi ne domin 'yan baya, musamman yaran da za su taso su tarar da sunansa a jikin wani babban gini da ke bakin kasuwa, su ɗauka dillalin takin zamani ne. Ba dillalin taki ba ne. Mutum ne da ya shafe shekara ashirin da bakwai yana roƙon hukuma ta gina wa garinsa ɗakin karatu, ya kuma bar duniya bai ga littafi ko ɗaya a cikinsa ba.

Neman Ilimi

Ya fara karatun allo yana ɗan shekara biyar, ya sauke Alƙur'ani yana da goma sha uku. A shekarar 1959 aka sa shi makarantar elementare ta garinsu, daga nan ya wuce babbar firamare a Malumfashi, inda ya kammala a ƙarshen 1965. Ya ci jarrabawar shiga kwalejin horon malamai, har takardar kira ta iso gida, amma a daminar wannan shekara ciwon ido ya kwantar da mahaifinsa, gona ta rasa mai tsaya mata. Aka yi shawara a zaure, aka yanke cewa babban ɗa ba ya tafiya ya bar gida da yunwa. Bai yi musu ba, bai kuma taɓa manta abin ba, domin bayan rasuwarsa an tarar da wannan takardar kira a cikin aljihun jakar Alƙur'aninsa, ta yi ja don tsufa.

Aikin Auduga da Zaman Funtua

A shekarar 1968 ya sami aikin malanta a fulotin auduga, wato filin da manoma ke kai audugarsu a auna a saya. Bayan shekara biyu aka mai da shi Funtua, ƙarƙashin wani kamfanin gurzar auduga. A can ne ya gano wani ɗan ɗakin karatu na hukuma mai benci huɗu da kantoci shida, wanda kowa ke iya shiga ba tare da an tambaye shi ko shi ɗan wane ne ba. Shekara biyar yana tashi daga aiki da la'asar ya zarce can, farar ƙurar auduga a gashin kansa, har Allah Ya sa a 1975 ya zauna jarrabawar kammala sakandare daga waje, ya kuma ci. Ya sha faɗa wa 'ya'yansa cewa: "Ni ba ni da kowa a birni, ɗakin nan ne ya yi mini gata. Da harajin ubana aka gina shi, ni kuma na je na ci rabona."

A 1978 aka ɗaga shi zuwa muƙamin mai kula da sito, ya riƙe wannan aiki shekara goma sha takwas, daga nan ne ya sami laƙabin Mai Sito. Ya ƙware a sanin abokan gabar ajiya, wato laima da gara da ɓera da wuta. Ba ya yarda a jingina dilar auduga da bango, ba ya yarda a ajiye ta a ƙasa sai a kan katako, kuma yana iya shiga ɗaki ya shaƙi iskarsa ya gaya maka inda rufin zai yi yoyo a damina mai zuwa. A tsawon waɗannan shekaru ba a taɓa samun dila ɗaya da ta lalace a hannunsa ba. Wannan ƙwarewa ita ce abin alfaharinsa, kuma ita ce ta kashe masa burinsa daga baya.

Aure da Iyali

Ya auri Hajiya Ummukulsum, 'yar wani tela mazaunin Funtua, a shekarar 1974, suka zauna shekara hamsin. Mace ce mai haƙuri da barkwanci, ita ce kuma ta fara lura cewa littattafai sun fara korar mutane daga gidan, tana cewa idan aka ci gaba a haka, baƙi sai dai a shimfiɗa musu a gindin darbejiya.

A 1995, lokacin da 'yarsu Barakatu take shirin jarrabawar fita sakandare a Kurmin Gwaza, ya zo hutu ya iske 'yan ajinsu su kusan arba'in suna karɓa-karɓa da littafin ilimin sinadarai guda ɗaya, wanda shafukansa na farko da na ƙarshe duk sun zube. Barakatu ta ci jarrabawa domin ubanta yana da littattafai. Mafi yawan sauran suka faɗi, kuma ba don sun fi ta daƙiƙanci ba. Wannan abu ya tsaya masa a rai ƙwarai, ya tuna masa da zaman da aka yi a zauren mahaifinsa.

Ritaya da Fara Fafutuka

Ya ajiye aiki a 1996, lokacin da harkar auduga ta fara ja da baya, ya komo gida da iyalinsa. A farkon 1997 shi da amininsa Malam Habila, tsohon shugaban makarantar firamare kuma dattijo a majami'ar garin, suka kafa Ƙungiyar Neman Ɗakin Karatu ta Kurmin Gwaza. Awaisu ne shugaba, Habila magatakarda. Sun fara da mutum goma sha tara, bayan shekara biyar suka koma su biyu.

Matsayinsu a bayyane yake tun daga takarda ta farko: hukuma ce za ta gina, daga dukiyar jama'a, ta ɗauki ma'aikaci, ta riƙa gyaran rufi. Wani attajirin hatsi ya taɓa yi musu tayin shago a cikin kasuwa, Malam Awaisu ya yi godiya ya ƙi karɓa, yana mai cewa kyautar mai kuɗi tana mutuwa ranar da ya mutu, magada su zo su ce a kwashe kaya. A ganinsa karatu haƙƙi ne kamar rijiya da asibiti, ba alfarma ba ce da talaka zai durƙusa ya roƙa. Mutane da yawa sun ce girman kai ne. Da ya karɓi shagon nan, da watakila yau ana karatu a cikinsa, amma wannan magana ce da ake yi bayan an gama binne mutum.

Kowace shekara, gab da shirya kasafin kuɗi, sukan rubuta takarda su hau babur su kai wa majalisar ƙaramar hukumar da garin ke ƙarƙashinta. Shugabanni bakwai suka zo suka wuce a kan idonsu, zaɓaɓɓu da na riƙo, babu wanda ya taɓa ce musu a'a. Kowanne yakan tashi tsaye ya tarbe su, ya kira su iyayen ƙasa, ya sa a kawo musu lemo, ya ce magana tana kan tebur. A cikin waɗannan shekaru majalisa ta gina wa garin ƙofar shiga mai hasumiya biyu wadda ba ta tare ko akuya, ta yi shataletale a inda mota biyu ba su taɓa haɗuwa ba, ta raba babura sau uku. Ɗakin karatu kuwa kullum sai a ce baɗi.

A gefe guda kuma yana tara littattafai. Ya bi gidajen tsofaffin malamai da ma'aikata a Funtua da Dandume da Malumfashi, ya je Zariya wajen malaman jami'a masu barin aiki, Malam Habila ya samo ragowar wani kantin littattafan mishan da aka rufe, wasu iyalai kuma suka ba da littattafan Larabci na iyayensu, har da rubutun hannu. Duk wanda ya bayar sai ya rubuta sunansa a bangon ciki, ya kuma yi masa alkawari da bakinsa cewa littafin zai hau kanta inda ɗan kowa zai miƙa hannu ya ɗauka. Zuwa 2013 sun haura dubu huɗu, a cikin adakoki talatin da ɗaya, jere a kan katako a zaurensa da ɗakuna biyu na cikin gida. Kowane rani yakan buɗe su ɗaya bayan ɗaya ya shanya. Bai taɓa kiran su nasa ba, amana yake ce musu.

Shawarar Kansila Buba

A shekarar 2014 kansilan mazaɓarsu, Alhaji Buba, mutum mai son taimako amma mai son gajeriyar hanya, ya same shi a gida ya ce: "Baba, ka daina wahal da kanka a sashen ilimi, can ko alli sai an yi roƙo. Kuɗi suna sashen gona. Ka rubuta ɗakin karatu na manoma, in dai ba a yi ba ka kira ni maƙaryaci."

Malam Habila bai amince ba. Ya ce masa: "Mai Sito, ka yi tunani. In sunan sashen gona ne a takarda, makullin ma a aljihunsu zai zauna." Amma Malam Awaisu yana da shekara sittin da uku a lokacin, ya gaji da lemo da alkawari, ya kuma yi wa kansa hujja cewa ai duk mutanen garin manoma ne, saboda haka babu ƙarya a cikin sunan. Ya sa hannu. A karo na farko cikin shekara goma sha bakwai, takardarsu ta shiga kasafi.

Gini

An aza harsashi a watan Maris na 2016 a filin da ke bakin kasuwa. Ba wanda ya naɗa Malam Awaisu mai duba aiki, shi ya naɗa kansa, ya kafa kujerarsa a wurin tun daga hantsi har magina su tashi. Ya yi rigima da ɗan kwangila har sau uku ana shiga tsakani. Ya tsaya kai da fata sai da aka ɗaga daɓen ɗakin ya kai ƙugun mutum don kada laima ta hau, aka zuba maganin gara a cikin harsashi, aka yi ƙananan tagogin iska a can sama kusa da rufi, aka sa musu raga saboda ɓera da tsuntsu. Ya kuma nace a yi ƙofa mai faɗi, mai murfi biyu, da gangare a gefenta, domin a shigar da kantoci cikin sauƙi, masu keken guragu su ma su shiga. Duk abin da ya koya a shekara goma sha takwas na tsaron auduga ya zuba shi a ginin nan, saboda ya san littafi ma abin da ke cin auduga shi ke cin sa.

Ana dab da gamawa, shugaban sashen gona ya kawo ziyara. Malam Awaisu da kansa ya zagaya da shi, yana nuna masa daɓe da rufi da tagogi, yana yi masa bayani dalla-dalla yadda ko a tsakiyar watan Agusta ɗakin nan ba zai yi gumi ba. Baƙon ya ƙwanƙwasa bango, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon rufi, ya ce bai taɓa ganin gini irin wannan a duk ƙaramar hukumar ba. Malam Awaisu ya dawo gida da murna ya ba Hajiya labari, ya ce yau ya haɗu da ma'aikacin da ya san darajar aiki.

An kammala ginin a watan Mayu na 2018. Kantoci da kujeru ba su iso ba, aka ce suna cikin kasafin baɗi. A makon farko na watan Yuni manyan motoci uku suka iso garin ɗauke da takin zamani na rabo, aka ce iska ta yaye rufin tsohon siton hukuma, ana neman inda za a sauke na damina ɗaya kacal. Makulli yana hannun sashen gona, ba a ma buƙaci tambayar kowa ba. Mota ta juyo da baya ta tsaya a bakin ƙofar, sai ga bayanta daidai da daɓen ɗakin, kamar an auna. 'Yan dako suka riƙa shiga da buhuna ba hawa ba sauka, suna sa wa wanda ya tsara ginin albarka. Yana tsaye a gefe da sandarsa, yana jin su.

Shekarun Baya

Damina ɗaya ta wuce. Da taki ya ƙare aka zuba masarar da hukuma ta saya da kaka, da masara ta fita aka kawo iri da maganin feshi, kafin a ankara wani takin ya iso. Malam Awaisu da Malam Habila suka koma hawa babur. Sashen ilimi ya ce ginin ba ya cikin kadarorinsa, sashen gona ya ce an rubuta na manoma ne, kuma ga shi manoma suna amfana. Alhaji Buba ya riga ya sauka daga kujera, in ya hango Malam Awaisu sai ya canza hanya.

Abin da ya fi yi wa Malam Awaisu ciwo ba hukuma ba ce, domin ita ya riga ya san halinta. Mutanen garin ne. A da sukan yi tafiya mai nisa su karɓo taki, yanzu ga shi a bakin kasuwa, a bushe, ba dunƙulewa. Da ya kira taron iyaye don a rubuta koke, mutum shida suka zo, biyu daga ciki sun zo ne su ba shi haƙuri. A ƙofar masallaci kuwa sai a riƙe masa hannu ana cewa: "Allah Ya saka da alheri, Malam, ka kawo mana taki har ƙofar gida." Da zuciya ɗaya suke faɗa, shi ya sa babu abin da zai iya mayar musu sai amin.

A 2020 ciwon idon da ya kama mahaifinsa ya kama shi, ganinsa ya yi rauni ƙwarai, rani biyu suka wuce bai iya buɗe adakoki ya shanya ba, kuma bai yarda wani ya taɓa masa su ba. A watan Agusta na 2021 aka yi ruwa kwana uku a jere, bangon zaurensa na ƙasa ya jiƙe ya tsage. Da Barakatu, wadda a lokacin take koyarwa a sakandaren garin, ta zo duba ɓarna, ta tarar gindin adakoki tara ya yi tsatsa ya huje, gara ta bi katako ta shiga. Ta so ta ɓoye masa. Shi kuwa ya sa aka kai shi, ya zura hannu a adaka ta farko, ya ɗebo jar ƙasa. Sannan ya ce ta karanto masa sunayen da suka rage a bangaye. A cikin waɗanda suka salwanta har da rubutun hannun nan na Larabci, waɗanda babu kwafinsu a ko'ina.

Watanni huɗu ya yi ana ɗaukar sa a babur gida gida, daga Kurmin Gwaza har Dandume, yana neman gafarar waɗanda suka ba shi amana ko magadansu. Yawancinsu sun ma manta sun bayar. Wannan ma bai yi masa daɗi ba. Mutumin da bai taɓa asarar dilar kamfani ɗaya ba, ga shi ya yi asarar kusan kashi ɗaya cikin uku na amanar jama'a, alhali ginin da ya tsara domin ta yana tsaye a nesa da gidansa da taku ɗari uku.

Takardarsa ta ƙarshe ita ce ta watan Oktoba na 2023, wadda ya yi wa Barakatu shifta, Malam Habila ya sa hannu a ƙasa. A cikinta bai nemi a mayar masa da ginin ba. Ya roƙi majalisa ta gina wani sabo, ko da ɗaki ɗaya ne, da sunan sashen ilimi, ya kuma ƙara da cewa a yi shi nesa da titi, a yi masa ƙaramar ƙofa wadda ɗan dako ba zai iya wucewa da buhu a ka ba. Barakatu ta tambaye shi ko a cire wannan jimla kada a ce ba'a ce. Ya ce a bar ta, domin ita ce kaɗai ilimin da ya ƙaru da shi a shekara ashirin da shida.

Rasuwa da Jana'iza

Allah Ya yi wa Malam Awaisu Maiwada rasuwa da safiyar Talata, 27 ga Zulƙi'ida 1445, daidai da 4 ga Yuni 2024, a gidansa da ke Kurmin Gwaza, yana da shekara saba'in da uku, bayan jinyar mako biyu. An yi masa salla da ƙarfe biyu da rabi na rana a filin da ke gaban ginin, kasancewar nan ne fili mafi girma a garin.

Ranar ta dace da ranar rabon taki. Manoma fiye da ɗari uku suna kan layi tun da safe, da aka iso da makara sai kowa ya ajiye dutse ko takalmi ko tsohon buhu a gurbinsa don kada a cinye masa wuri, suka juyo suka yi sahu. Dattawa sun ce ba a taɓa ganin jana'iza mai yawan jama'a irin wannan a garin ba. Da liman ya yi sallama, mutum kusan arba'in suka raka gawa maƙabarta, Malam Habila yana biye a baya da sandarsa. Sauran suka koma kan duwatsunsu.

A ranar addu'ar uku majalisa ta aiko da wakilai, suka yi ta'aziyya, suka sanar cewa an sa wa ginin sunan marigayin don tunawa da hidimarsa ga ilimi. An kafa allon sunan bayan mako biyu. Wannan ne kaɗai aikin da ya shafi ginin da aka yi a kan lokaci.

Ya rasu ya bar matarsa, Hajiya Ummukulsum, da 'ya'ya shida: Barakatu, malamar makaranta a Kurmin Gwaza, Mus'ab, ma'aikacin jinya a Funtua, Abdulmuɗallib, manomi, Sadiya, mai sunan mahaifiyarsa, tana aure a Mahuta, Aisha Humaira, tana aure a Malumfashi, da autansu Abubakar, ɗalibi a Zariya. Ya kuma bar jikoki goma sha tara.

Wasiyyarsa guda ce, cewa kada a sa littattafan cikin rabon gado, domin ba nasa ba ne. Adakoki ashirin da biyu da suka tsira suna gidan Barakatu a kan sabon katako, tana buɗe su kowane rani. Allah Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sauke masa nauyin amanar da ya tafi yana jin ta a wuyansa. Har zuwa ranar da aka kammala wannan tarihi ba a amsa takardarsa ta ƙarshe ba. Ginin yana nan cike da taki har rufi, damina bakwai ke nan, ko ɗigon ruwa bai taɓa shiga ba.